Umaru Ganda: Ɗan Dakon da Ya Zama Gwarzon Silima

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Tunuga, kowa ya san abin da ke faruwa in an gama girbi. Samari su ɗaura kaya su bi ta Gaya, wasu su bi ta Kamba, sai Kurmi neman kuɗi. Ga labarin wani ɗan Nijar da ya ɗanɗani wannan tafiya, ya dawo ya nuna wa duniya daɗinta da ɗacinta. Sunansa Umaru Ganda.

An haifi Umaru a Yamai a 1935. Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, can gabashin duniya. Da ya dawo gida bai samu aiki ba. Sai ya tafi Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya gamu da wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch. Baturen ya sa shi cikin fim mai suna "Moi, un noir", wato "Ni Baƙar Fata", wanda ya fito a 1958. Umaru ne babban ɗan wasan. Ba a ba shi takarda ya hardace ba. Da bakinsa ya faɗi yadda baƙo ke rayuwa a unguwar Treichville: aikin yini, kuɗi kaɗan, kewar gida. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a Faransa.

Amma Umaru bai yarda wani ya riƙa ba da labarinsa ba. Ya koma Yamai, ya koyi riƙon na'urar ɗaukar hoto, ya shiga shirya fim da kansa, yana kuma fitowa a ciki.

Na farko shi ne "Cabascabo", da harshen Zabarmanci. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗi a aljihu. Abokai da maroƙa suka kewaye shi, yana ta rabo. Ranar da kuɗin suka ƙare, kowa ya watse. Ya nemi aiki a birni, ya sha wulaƙanci. Daga ƙarshe ya juya wa birni baya, ya nufi karkara. A 1969 aka nuna fim ɗin a Kan, ƙasar Faransa, ya kuma samu kyauta a Mosko.

Na biyu shi ne "Le Wazzou polygame". Wani Alhaji ya dawo daga Makka, ya sa ƙarfin dukiya ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kishi ya tashi a gidan, har aka yi asarar rai. Zalika Sule ta yi wasa a ciki. A 1972, a bikin silima na FESPACO a Wagadugu, wannan fim ya ci kyautar Ingarman Yennenga. Umaru ne mutum na farko da ya taɓa cin ta.

Bayan haka ya yi "Saïtane", kan malamin tsibbu mai yaudarar jama'a. A 1980 ya fito da "L'Exilé", kan girman alkawari.

Allah ya yi masa rasuwa ran 1 ga Janairu 1981, bai kai shekara 50 ba. An sa sunansa ga babban gidan al'adu na Yamai, da kuma wata kyauta ta FESPACO.

Saurayi mai shirin tafiya cin rani, tuna da Cabascabo. Tafiya ba laifi ba ce. Amma in ka samo, sayi sa, gyara rumbu, ka dawo kafin ruwan shuka. Abokin cin mushe ba ya taya ka noma.