Furanni Da Ciyayin Da Ya Kamata Mu Dasa A Gida

Manoma 'yan'uwa, sau da yawa idan mun ziyarci ƙungiyoyinku mukan ga an sayo furanni daga birni an dasa a ƙofar gida da damina. Kafin watan Fabrairu ya ƙare, sai mu tarar rana ta ƙone wasu, awaki sun cinye saura. An yi asarar kuɗi, an yi asarar ruwan da mata da yara suka ɗebo a ka. Laifin ba na ƙasa ba ne, na zaɓe ne.

Tsire-tsiren ado iri biyu ne. Akwai na shekara ɗaya, waɗanda suke mutuwa bayan sun yi iri, kamar gero. Akwai kuma masu daɗewa, waɗanda saiwarsu take zama da rai ta sake tofowa kowace shekara, kamar gamba. Na biyun nan su ne suka dace da mai ƙaramin ƙarfi, gama sau ɗaya ake wahalarsu.

TAMBAYOYI UKU KAFIN A DASA

Ta fari: zai iya jimre rani a wurinmu? A Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, akwai sanyi da isasshen ruwan sama, har furen wardi yakan yi kyau. Amma a Kano, Sakkwato ko Maraɗi, rani yakan yi wata bakwai ko fiye. Abin da ya yi kyau a lambun Jos ba lalle ne ya rayu a can ba. Hanya mai sauƙi ita ce ku zaga gari a watan Maris, ku ga abin da yake da rai a gidajen da ba su da famfo. Shi za ku nemi irinsa.

Ta biyu: yana da dafi? Gidanmu gidan yara ne da kaji da awaki.

Ta uku: ban da kyau, wane aiki zai yi mana? Ruwan rani yana da tsada, bai kamata mu ba tsiron da ba ya biya ba.

FURANNIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Lalle. Mun sa shi a gaba domin namu ne, kowa ya san shi. Mutane da yawa ganyensa kaɗai suke kallo, amma ƙananan furanninsa farare suna da ƙamshi ƙwarai, musamman da yamma. Yana jimre fari, ana dasa shi da reshe, idan kuma aka jera shi kusa-kusa aka riƙa aske shi yakan zama shinge. Ga ganyen sayarwa kuma.

Boganbiliya. Ita ce mai yaɗo da ƙaya wadda muke gani a katangun makarantu da asibitoci, ja ko shunayya ko fara. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Abin da muke ce da shi fure, mai kama da takarda, ganye ne mai launi. Ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Halinta abin mamaki ne: idan ta sami ruwa da taki da yawa sai ta yi ta ganye, idan ta ji ƙishi kaɗan sai ta cika da launi. A ba ta ruwa a ranin farko, daga nan za ta riƙe kanta. A dasa ta inda rana take bugawa sosai.

Firiwinkil. Ɗan gajeren tsiro ne mai ganye mai sheƙi da fure fari ko ruwan hoda, mai kunne biyar. Daga tsibirin Madagaska ya fito. Yana fure kusan duk shekara, yana zubar da iri ya tsiro da kansa, awaki kuma ba su cika damuwa da shi ba. Masana sun fitar da magungunan ciwon daji na jini daga cikinsa, amma wannan aikin masana'anta ne. Kada wani ya dafa ganyen ya sha.

Alobera. Ganyenta mai kauri yana ajiye ruwa, saboda haka ba ta neman ban ruwa sai jifa-jifa. Takan haifi 'ya'ya a gindinta, a cire a raba wa maƙwabta. Abin da yake kashe ta shi ne ruwan da ya kwanta.

KYAN ƊAN MACIJI

Akwai furanni masu ɗaukar ido waɗanda ba mu so mu gani a tsakar gida.

Oliyanda, mai dogon ganye siriri da fure ruwan hoda ko fari, dukan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya. Ganye kaɗan, ko busasshe ne, yana iya kashe saniya ko doki. Kada a hura wuta da itacenta, kada a tsire nama da shi. 'Yar'uwarta mai fure rawaya kamar ƙararrawa ita ma haka take. Ƙwayarta ɗaya ko biyu na iya kashe yaro.

Lantana, mai ƙananan furanni a dunƙule masu launi biyu ko uku, ita ma daga ƙasashen Amurka aka kawo ta domin ado. Tsuntsaye suna cin 'ya'yanta suna baza irin a jeji, har ta cinye makiyaya a ƙasashe da yawa na Afirka da Indiya. Shanun da suka ci ganyenta hantarsu takan lalace, idanu su yi rawaya, fata ta riƙa saluɓewa a rana.

Kariya, itaciyar nan mai ƙaton gindi wadda take fure ja-ja da rani sa'ad da ba ta da ganye, ba ta da na biyu wajen jimre fari. Amma da ruwan jikinta ake haɗa dafin kibiya a wasu sassan Afirka. Wanda yake son ta, ya dasa ta inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, ya wanke hannu bayan ya yanke ta.

Idan yaro ya ci ɗaya daga cikin waɗannan, a kai shi asibiti nan da nan tare da reshen tsiron, kada a jira a ga alama.

CIYAYI

A ƙasashen Turai ana sayen ciyayi da kuɗi domin ado. Mu kuwa muna da su a jeji.

Jema ita ce ta fari. Tana tsayawa a dunƙule, kore shar, saiwarta mai ƙamshi tana nutsewa ƙasa mita biyu zuwa uku, ba ta yaɗuwa gefe. Idan aka jera ta a layi a gicciye da gangara, da tazarar kamar faɗin tafin hannu, cikin damina biyu takan haɗe ta zama katanga mai tare ƙasa. Saboda wannan ne Bankin Duniya ya yi ta yaɗa irin jemar Indiya ga manoma tun shekarun 1980. Ku dasa ta inda ruwan indararo yake cin gindin katanga ko bakin hanya.

Ciyawar shayi, mai ƙamshin lemo, tana son danshi. Wurinta shi ne kusa da randa ko inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Ana cewa tana korar sauro. Gaskiyar ita ce tsiron da yake tsaye ba ya hana sauro shiga ɗaki, saboda haka kada a bar gidan sauro.

Gamba tana da kyau idan ta fid da kai, ga zana, ga abincin dabbobi. Amma tsawonta yakan wuce mita uku, idan kuma ta bushe makamashi ce. An kai ta Ostareliya a shekarun 1930 domin kiwo, yau ta zama annoba a arewacin ƙasar saboda zafin gobarar da take kawowa. A dasa ta a bayan gida nesa da jinka da rumbu, a yanke ta da kaka.

Tofa kuwa, komai kyan farin kanta, kada ta shigo. Saiwarta tana bin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya taɓa nome ta a gona ya sani.

YADDA ZA A DASA

1. A jira damina ta zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni ko Yuli. Ruwan fari yakan yaudari mutum.

2. A haƙa rami zurfin kamu ɗaya, a gauraya ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara.

3. Lalle da boganbiliya, a yanko reshe mai ƙwari, kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, a binne rabinsa. Jema da ciyawar shayi, a tono gindi, a rarraba, a datse ganyen.

4. A kewaye da ƙaya ko kara tun ranar dashe. Akuya ba ta jiran gobe.

5. Da rani, a binne tsohon tulu a gefen tsiron har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakin don sauro. Ruwan zai riƙa tsatsowa kaɗan-kaɗan zuwa saiwa.

6. A bar fili sharare tsakanin ciyayi da bangon ɗaki, domin maciji da kunama su rasa maɓoya.

AIKIN ƘUNGIYA

Babu bukatar kowa ya saya. Ƙungiya ta keɓe ɗan fili kusa da rijiya, ta kewaye shi, kowane mamba ya kawo reshe ko gindin abin da ya ga ya rayu a gidansa. Zumuntar mata da matasa su riƙa ban ruwa bi da bi. Bayan shekara guda za a sami na rabawa, har da na kai wa kasuwa. Masu amya kuma za su ga amfanin furen rani ga ƙudan zumansu.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana a taronta na gaba. Ku fara da iri uku kawai: lalle a shinge, jema a gangara, ciyawar shayi a gindin randa. Idan waɗannan sun ƙetare rani, sai ku ƙara.