Kafin ka haɗiyi ƙwaya, duba kwalinta

"A haɗa mini maganin mura da ciwon jiki." Da wannan ake buɗe ciniki a yawancin kemis na unguwa. Mai kemis ya ɓalle ƙwayoyi kala huɗu ko biyar, ya ƙulle a leda, ya ce a sha safe da yamma. Ba kwali, ba suna, ba ranar ƙarewar wa'adi. In abu ya ɓaci aka garzaya asibiti, likita ya tambayi abin da aka sha, amsar ba ta wuce "wata fara da wata ja."

Farasitamol ne ya fi cutar da mutane ta wannan hanya, saboda an raina shi. Babba bai kamata ya wuce giram 4 cikin awa 24 ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. To amma magungunan mura da na ciwon kai da dama, irin su Procold da Panadol Extra, da farasitamol a cikinsu. Sai mutum ya sha wannan, ya ɗora wancan, a zatonsa magani biyu ya sha, alhali abu guda ya ninka. Hanta ce ke jin jiki, kuma ɓarnar ba ta bayyana nan take, sai an kwana biyu. Shi ya sa ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna a jikin kwali ya fi muhimmanci, domin a nan ake faɗin ainihin sinadarin.

Inda aka rubuta EXP, ranar ƙarewar wa'adi ce. A Najeriya kuma sai a nemi lambar hukumar NAFDAC. Akwai wata lambar da ba a cika kula ta ba, ta rukunin da aka sarrafa maganin, kuma da ita hukuma ke shelar janye gurɓataccen magani daga kasuwa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, sirop ɗin haƙori na My Pikin ya hallaka yara sama da 80. Uwar da ta juye sirop a wata kwalba ta yar da kwalin, ina za ta san ko nata ne ake cigiya?

Sirop ɗin yara da murfin awonsa ake ba da shi. Ba da cokali ba, domin cokulan gidajenmu kowanne da girmansa. "Sau uku a rana" kuwa yana nufin kusan duk bayan awa 8. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, tare da abinci mai maiƙo ko madara, ko da zazzaɓin ya sauka tun ranar farko.

Wanda bai iya karatun boko ba, ya sa a karanta masa tun a gaban kanta, a yi masa alama a jikin kwalin. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai gyambon ciki su faɗi halin da suke ciki kafin a miƙo musu komai. In mai kemis ya ƙi nuna maka kwalin abin da ya haɗa maka, karɓi kuɗinka ka je wani wurin.