Ƙaramin Jirgin Katako Mai Bin Umarnin Rediyo

Itacen balsa, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, ya shahara wajen rashin nauyi. Da shi ake ƙera ƙananan jiragen saman da ake sarrafawa da rediyo daga ƙasa.

Mai haɗawa yakan shimfiɗa zanen jirgin, ya kafe haƙarƙarin fiffike da allurai, sa'an nan ya manne su da gam. Wahala takan taso ne in ya sauya inji ko ya ƙara wa wutsiya kauri, domin daidaiton nauyi zai gusa. Saboda haka kafin tashi akan ɗora jirgin bisa yatsu biyu, wajen sulusin faɗin fiffike daga gaba. Gara hanci ya ɗan sunkuya, gama in wutsiya ta rinjaya, aikin watanni yana iya tarwatsewa nan take.