Masu Kiyaye Asabar da Sauran Masu Bi a Yammacin Zamfara

A Anka da Gummi da Bukkuyum Kirista ba su da yawa. A cikinsu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa. Tun da aka kafa shari'ar Musulunci a Jihar Zamfara a shekarar 2000, ga kuma 'yan bindiga a hanyoyi, taron sujada ba abin wasa ba ne. To, idan ɗan Adventist, mai kiyaye Asabar, ya zauna a tsakaninmu, yaya za mu yi da shi?

Aikinsu ya daɗe a ƙasar nan. David Babcock ya fara shi a Erunmu kusa da Ibadan a 1914. A farkon shekarun 1930 John Hyde ya zo Jengre, kan hanyar Jos zuwa Zariya. Matarsa mai jinya ce, da magani suka soma. A 1947 aka buɗe asibitin Jengre, yana nan har yau.

A daidai lokacin nan, wato 1932, aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, bayan wahalar Dokta Miller na Zariya da 'yan mishan dabam dabam. Juyin da muke karantawa ran Lahadi, shi suke buɗewa ran Asabar. Tun 1926 kuma shugabanninsu suka rubuta cewa duk ƙungiyar da ke ɗaukaka Almasihu tana cikin shirin Allah na kai Bishara ga duniya.

Bambanci yana nan, kada mu ɓoye shi. Ranar sujada, cin naman alade, da halin matattu kafin tashi, ba mu koyar da abu ɗaya. Abin da ke ɓata zumunci, a ganina, shi ne mai bishara ya bar wanda bai taɓa ji ba, ya tafi gidan dattijon wata ekklesiya yana jan iyalinsa. Mu ma muna yin haka.

Amma akwai aikin da ya fi ƙarfin ekklesiya ɗaya. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Koya wa iyaye mata kada a daka dutsen zinariya a tsakar gida, ziyarar marasa lafiya, sayar da Littafi, ajin yaƙi da jahilci, duk ana iya yinsu tare. Sai dai a sa taron ran Talata ko Laraba, domin daga faɗuwar rana ta Jumma'a ɗan'uwan nan ba zai fito aiki ba sai Asabar da almuru.