Edward Chang da na'urar da ke mayar wa marasa lafiya magana: yadda take aiki da abin da ya biyo baya

A shekarar 2005 wata malamar makaranta 'yar Kanada ta gamu da shanyewar jiki tana da shekara 30. Hankalinta bai gushe ba, tana ji tana fahimta, amma bakinta ya daina furta kalma. Bayan shekara 18 aka ji muryarta tana fitowa daga kwamfuta, muryar da aka sake ginawa daga faifan jawabin da ta yi ranar aurenta. Jagoran aikin shi ne Farfesa Edward Chang, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Kaliforniya da ke San Francisco a Amurka.

Daga ina binciken ya faro?

Chang ya fara ne da masu farfaɗiya, waɗanda akan shimfiɗa wa siraran wayoyi a saman ƙwaƙwalwa don a gano tushen ciwonsu kafin tiyata. Da yardarsu, ya riƙa naɗar saƙonnin lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa yayin da suke magana. A 2013 ayarinsa ya wallafa a mujallar Nature taswirar sassan da ke sarrafa leɓɓa da harshe da muƙamuƙi da maƙogwaro.

Wannan taswira ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. A wurin majinyata irin wannan malama, ƙwaƙwalwa tana ci gaba da aika umarni ga gaɓoɓin furuci, hanyar da saƙon ke bi ce ta yanke. Idan aka tare umarnin tun daga tushe, ƙirƙirarriyar basira za ta iya koyon wane saƙo ne ya dace da wane sauti.

Ina aka kai?

A 2021 wani mutum da ya shafe sama da shekara 15 ba ya magana ya haɗa jimloli daga kalmomi 50, da saurin kalma 15 a minti, ta hanyar ƙananan wayoyi 128. A 2023 aka sa wa malamar wayoyi 253, ta kai kalma 78 a minti daga cikin kalmomi sama da 1,000. Na'urar da take amfani da ita a da kalma 14 kawai take ba ta. A 2024 ayarin ya nuna cewa na'ura guda za ta iya fahimtar Turanci da Sifaniyanci daga ƙwaƙwalwar mutum ɗaya.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Mai lafiya yakan furta kusan kalma 150 a minti, kuma a gwajin 2023 kalma ɗaya cikin huɗu takan fito da kuskure. Sai an buɗe ƙoƙon kai kafin a dasa wayoyin, sannan a jona majinyaci da kwamfuta ta igiya. Kuma waɗannan na'urori yunƙurin yin magana suke kamawa, ba duk abin da ya ɗarsu a zuciyar mutum ba.

Me ya haɗa shi da siyasa?

Kuɗi da mallakar bayanai. Kamfanin Facebook ya ɗauki nauyin wani ɓangare na binciken Chang, da burin ƙera abin sawa a ka wanda zai ba mutum damar yin rubutu ba da hannu ba, kafin ya janye daga shirin a 2021. Sha'awar irin waɗannan kamfanoni ce ta sa 'yan majalisa suka fara tambayar wane ne ke da iko da saƙonnin da aka naɗo daga ƙwaƙwalwar ɗan Adam.

Chile ce ta fara amsawa: a 2021 ta gyara kundin tsarin mulkinta don kare bayanan ƙwaƙwalwa. A 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci kamfanin Emotiv ya goge bayanan tsohon sanata Guido Girardi da ya tara ta wata na'urar sawa a ka. Jihohin Colorado da Kaliforniya sun yi nasu dokokin a 2024.

Akwai kuma batun riƙon amana. Kamfanin Second Sight ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar taimakon gani, daga baya ya daina ƙera ta a 2019, ya bar da yawansu ba mai gyara musu ita. Wanda muryarsa ta dogara ga na'ura yana fuskantar irin wannan haɗari. Chang ya tabbatar da cewa ana iya dawo da magana, amma wa zai biya kuɗin tiyatar, wa zai riƙe bayanan, wa kuma zai ɗauki alhaki ranar da kamfani ya rufe, wannan hukunci ne na majalisu da kotuna.