Komawa Jami'a Cikin Annoba: Abin Da Ya Faru A Amurka A 2020

Duk iyayen da ɗansu ko 'yarsu ke jami'a a shekarar 2020 ba su manta da irin zaman jiran da aka yi ba. A ranar 11 ga Maris na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta zama annobar da ta game duniya, kuma kafin watan ya ƙare makarantu a ƙasashe da yawa sun sallami ɗalibansu. Rufe makaranta aikin yini ɗaya ne. Amma sake buɗe ta, alhali cutar tana nan kuma ba a sami allurar rigakafi ba tukuna, shi ne ya zama jan aiki. A wannan mako za mu duba yadda jami'o'i huɗu na Amurka suka buɗe a watan Agusta na 2020, da abin da ya biyo baya, domin labarinsu ya shafi kowane wuri da ake tara dubban matasa suna kwana tare, suna cin abinci tare.

Me ya sa jami'a ke da wuyar tsarewa

Cutar korona tana bin numfashi ne, musamman a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Wanda ya kamu yana iya yaɗa ta kamar kwana biyu kafin shi kansa ya ji wani ciwo, matasa da yawa kuwa har su warke ba su ji komai ba. Saboda haka na'urar auna zafin jiki da ake ɗora wa mutum a goshi a bakin ƙofa ba ta kama yawancinsu. Ajin karatu yana da sauƙin gyarawa, gama ana iya raba kujeru, a buɗe tagogi, a sa kowa ya ɗaura takunkumi. Ɗakin kwana fa? Ba wanda zai yi barci da takunkumi, ba kuma malamin da zai bi ɗalibi wurin shagalin dare.

Duk da haka akwai dalilai masu ƙarfi na buɗewa. Mai koyon aikin likita ko injiniya yana bukatar ɗakin gwaje-gwaje, wasu ɗalibai ba su da intanet mai kyau a gida, su kuma jami'o'in sun dogara ƙwarai ga kuɗin makaranta da na ɗakin kwana da na abinci. Wasu sun ce ba za su yi kasada ba. Jami'o'in gwamnatin jihar Kalifoniya guda 23 da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya sun sanar tun watan Mayu cewa yawancin karatunsu ta intanet za a yi shi. Wasu kuwa suka ce za su gwada.

Chapel Hill: mako ɗaya tak

Jami'ar Karolina ta Arewa da ke garin Chapel Hill ta fara lacca a ranar 10 ga Agusta. Kafin nan hukumar lafiya ta gundumar ta ba da shawara a fara da makonni biyar na karatu daga gida, amma ba a bi shawarar ba. Ba a kuma gwada kowane ɗalibi lokacin da ya iso ba, sai wanda ya nuna alama ko ya yi cuɗanya da mai cutar.

Cikin makon farko ɗalibai 130 suka kamu. A cikin waɗanda aka gwada, adadin masu cutar ya tashi daga kashi 2.8 zuwa kashi 13.6 cikin ɗari. An sami ɓarkewar ne a gidajen kwanan ɗalibai da wani gidan ƙungiyar samari, kuma ɗakunan da aka tanada domin killace mutane suka kusa cika. Ranar 17 ga Agusta, wato mako ɗaya daidai da farawa, hukumar jami'ar ta sanar cewa karatun masu neman digiri na farko ya koma ta intanet. Iyayen da suka yi ɗawainiyar kawo kaya suka sake dawowa kwashe su.

Notre Dame: gwaji sau ɗaya bai isa ba

Notre Dame jami'a ce ta ɗariƙar Katolika a jihar Indiana, ita ma ta fara a ranar 10 ga Agusta. Ita kam ta yi abin da Chapel Hill ba ta yi ba, domin ta gwada ɗalibanta kusan 12,000 kafin su iso, aka sami 33 kawai da cutar. Amma gwaji yana faɗin halin da mutum yake ciki ne a ranar da aka yi shi, ba ya yin alkawarin gobe. Ɗalibai suka je shagulgula a gidajen haya da ke wajen makaranta, kuma ya zuwa ranar 18 ga Agusta masu cutar sun kai 147.

Shugaban jami'ar na lokacin, Fada John Jenkins, bai sallami ɗalibai gida ba. Ya dakatar da shiga aji na makonni biyu, aka rufe wuraren taruwa, aka ƙara yawan gwaji, kowa ya zauna inda yake. Adadin ya sauka, aka fara komawa aji daga ranar 2 ga Satumba.

Sai dai wani abu ya faru da ya kamata shugabanni su riƙe. Ranar 26 ga Satumba shi Fada Jenkins ya halarci wani biki a fadar shugaban Amurka, aka gan shi cikin jama'a ba takunkumi, yana musafaha. Ɗaliban da ake hukuntawa a kan irin wannan laifi suka fusata. Ya rubuta wasiƙa ya nemi gafara, bayan 'yan kwanaki kuma aka sanar cewa shi ma ya kamu. Dokar da shugaba ya taka da ƙafarsa tana da wuyar ɗorawa a kan yara.

Illinois: gwajin yawu sau biyu a mako

A cikin huɗun nan babu wadda ta yi shiri kamar Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign. Malamanta na kimiyya, cikinsu har da Martin Burke da Paul Hergenrother, sun ƙirƙiro gwajin da ake yi da yawu, ba sai an zura wa mutum tsinken auduga a hanci ba. Ɗalibi zai tofa yawu a ƙaramar kwalba, sakamako ya zo masa ta wayar hannu. Aka wajabta wa kowa gwaji sau biyu a mako, kuma mai gadi ba ya barin ɗalibi ya shiga ginin lacca sai ya nuna a wayarsa cewa gwajinsa na nan daidai. A rana ɗaya akan yi gwaji fiye da 10,000.

Masana biyu, Nigel Goldenfeld da Sergei Maslov, sun yi lissafin yadda cutar za ta yaɗu. Sun sa a lissafinsu cewa ɗalibai za su je shagali, wasu kuma ba za su ɗaura takunkumi ba. Abin da ba su sa ba shi ne cewa ɗalibi zai ga sakamako ya nuna yana da cutar, amma ya tashi ya tafi shagali, ko ya ƙi ɗaukar waya idan ma'aikatan lafiya suka kira shi. Hakan kuwa ya faru. Waɗanda suka yi haka ba su da yawa, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Cikin kwanaki kaɗan da fara karatu masu cutar suka haura 700, wato kusan abin da aka yi hasashen za a samu a dukan zangon.

Ranar 2 ga Satumba jami'ar ta hana ɗalibai fita na makonni biyu sai domin aji, abinci, gwaji da makamantansu, aka kuma dakatar da wasu masu taurin kai. Aka kafa ma'aikata na musamman domin a riƙa tuntuɓar wanda ya kamu cikin gaggawa. Adadin ya sauka, aka ci gaba da karatu. Rahoton da malaman suka buga daga baya ya nuna cewa an yi gwaji fiye da miliyan ɗaya a wannan zango, kuma ba a kwantar da ko mutum ɗaya daga jama'ar jami'ar a asibiti saboda korona ba, ba a kuma yi rashi ba.

Arizona: labari daga magudanar bayan gida

Jami'ar Arizona ta bi wata hanya mai arha. Mai ɗauke da cutar yana fitar da ɓurɓushin ƙwayarta a bayan gida tun kafin ya ji ciwo. Saboda haka ma'aikata ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ian Pepper suka riƙa ɗiban ruwan da ke fitowa daga magudanar kowane gidan kwana suna aunawa. A ƙarshen Agusta ruwan gidan da ake kira Likins ya nuna alama. Nan da nan aka gwada mutum 311 da ke gidan, aka sami ɗalibai biyu da cutar, dukansu ba sa jin komai, aka keɓe su kafin su yaɗa ta. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, gama tun 2011 ake ɗiban ruwan magudanai a Kano domin neman ƙwayar cutar shan-inna.

A sallame su ko a riƙe su?

Idan cuta ta ɓarke a makaranta, abin da ya fi sauƙi ga hukuma shi ne ta ce kowa ya tafi gida, mu iyaye ma abin da zuciyarmu ke so ke nan. Amma Dokta Anthony Fauci, wanda a lokacin yake cikin manyan masu ba gwamnatin Amurka shawara kan annobar, ya yi kashedi a farkon Satumba 2020 cewa sallamar ɗaliban da suka kamu kuskure ne babba. Dalilin a fili yake. Saurayi ɗan shekara 20 mai yiwuwa ya warke ba tare da wahala ba, amma zai shiga mota da mutane, ya isa gida inda kaka take, ko uba mai ciwon sukari, ko uwa mai hawan jini. Ka'idar lokacin ita ce mai cutar ya keɓe kwana 10, wanda ya yi cuɗanya da shi kwana 14. Wannan kuwa yana bukatar ɗaki, da mai kawo abinci, da mai leƙa lafiyarsa. Makarantar da ba ta tanadi waɗannan ba, ba ta da zaɓi sai sallama.

Yadda abin ya kasance a gida

A Nijeriya an tabbatar da mutum na farko mai cutar ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, a watan Maris kuma gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe manyan makarantu. Rufewar ta zo daidai da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ba a janye ba sai ranar 23 ga Disamba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta ba da izinin komawa daga ranar 18 ga Janairu 2021, bayan yara sun yi kusan wata goma a gida. A watan Yuli na 2021 Jami'ar Legas ta umarci ɗalibai su bar ɗakunan kwana bayan an sami masu cutar a cikinsu, karatu ya koma ta intanet.

Ba mu da kuɗin gwada kowane ɗalibi sau biyu a mako. Mun kuma san yadda ɗakin da aka gina domin mutum huɗu yake ɗaukar fiye da haka, da yadda ake cunkuso a zauren lacca har wasu na tsaye a taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lassa da mashaƙo suna nan, kuma yawancinsu suna samun wurin zama inda ake cunkoso ko inda tsabta ta yi ƙaranci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, 'yan'uwa, akwai tambayoyin da ya dace mu yi a taron iyaye ko lokacin da muka kai yaro makaranta. Idan ɗalibi ya kamu da cuta mai yaɗuwa, ina za a kwantar da shi, wa zai kai masa abinci? Akwai ruwa a gidan kwana kullum? Asibitin makaranta yana buɗe da dare? Wa zai sanar da iyaye, kuma cikin awa nawa? Makarantun da ekklesiyoyinmu suka kafa su ne ya kamata su fara amsa waɗannan tambayoyi. Shugabannin zumuntar ɗalibai su ma su yi shawara tun lafiya lau a kan yadda za a yi taron sujada a fili ko a rarrabe idan cuta ta ɓulla.

Su kuma yaranmu, mu gaya musu labarin Illinois kafin su ɗauki jaka. Ɗalibin da ya ji zazzaɓi ya ɓoye domin kada jarrabawa ta wuce shi, ko aka ce ya keɓe ya fita yawo, yana sa abokin ɗakinsa cikin haɗari, da mai sharar gidan kwana, da tsohon malamin da ke koya masa. Mu ma kada mu tsawata wa yaro don ya faɗi gaskiya ya rasa mako biyu na karatu, gama ana iya sake rubuta jarrabawa a wani zango. Allah ya kiyaye mana su, ya dawo da su gida lafiya.