Tsohon Ƙarfe Na Komawa Kayan Ɗaki A Ƙasar Daura

Daga Wakilinmu

Duk magidancin da ya taɓa aurar da 'ya a ƙasar Hausa ya san nauyin kayan ɗaki. Gado, kujeru, tebur da kabad sukan lashe abin da mutum ya daɗe yana tarawa. A ƙasar Daura nauyin ya fi tsanani, domin yawancin katakon da kafintoci ke aiki da shi daga kudancin ƙasar nan ake kawo shi, kuma kafin ya iso kuɗin mota ya hau kansa. Wannan ne ya sa ya kamata a dubi sana'ar masu walda da maƙera, waɗanda ke mai da tarkacen masana'antu kayan amfanin gida.

Hakika wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun da daɗewa maƙeranmu ke fasa tsohon duro su yi murhu, ƙyaure ko akwatin da ɗalibi ke tafiya da shi makarantar kwana, kamar yadda ake yanka tsohuwar taya a yi takalma. Abin da ya ƙaru shi ne injin walda, wanda ya ba mai sana'a damar haɗa bututun ruwa da guntayen rodi su zama ƙafafun tebur ko firam ɗin gado. Duro mai cin wajen lita 200, in an buɗe shi aka daddale, yakan ba da farantin da za a yi ƙofofin kabad. Katakon da kamfanoni ke ɗora kaya a kansa kuwa, in an cire ƙusoshi aka goge, ya isa benci. Irin waɗannan kaya akan same su hannun 'yan gwangwan, ko a sayo daga Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa suke.

Amfanin abin a fili yake. Gara ba ta cin ƙarfe, kuma kujerar ƙarfe in ta karye, walda ɗaya ta gyara ta. Bugu da ƙari, Katsina na cikin jihohi 11 na Arewa da ke fama da gurgusowar hamada, saboda haka duk abin da zai rage buƙatar sare itace alheri ne ga masarautar da ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aikin rashin abin yi ne. A 1934 wani gwanin zane ɗan ƙasar Holan, Gerrit Rietveld, ya fito da kujerar da aka tsara da katakon akwatin kaya, kuma har yau ana darajanta ta. A Wagadugu ta Burkina Faso, Hamed Ouattara ya yi suna da kabad da kujerun da yake ƙerawa da tsofaffin durorin mai, haka nan Ousmane Mbaye a Dakar ta Senegal. Kayansu sun kai wuraren baje koli a Turai. Abin da ya ɗaukaka su shi ne kyan tsari, daidaiton awo da tsabtar gamawa, kuma a nan ne yawancin masu sana'armu ke da sauran aiki.

Sai dai akwai haɗurran da ba za a rufe ido a kansu ba. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur yana iya fashewa in aka sa masa wuta ba a wanke shi sarai ba, wanda ya ɗauki guba kuwa bai dace da ɗakin da yara ke kwana ba. Ƙarfen da ba a kankare aka shafa masa fentin hana tsatsa ba, damina kaɗan za ta lalata shi. Mafi muni shi ne kayan sata. Mai sana'ar da ya sayi ƙarfen da aka ɓalle daga turakun lantarki ko ginin makaranta ya cuci jama'arsa, ya kuma jawo wa kansa shari'a.

A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan ɗaki cikin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin musaya, sa'an nan ya janye hanin a watan Oktoba na 2023. Darasin shi ne kariyar hukuma tana zuwa tana wucewa, ingancin aiki ne kaɗai ke riƙe mai saye.

Daura tana da abin farawa. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, wadda za ta iya shirya wa masu walda gajerun kwasa-kwasai kan awo da kiyaye haɗari. Ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa kuma suna iya ba su aikin bencinan makarantun firamare, bisa sharaɗin inganci. Ma'aikaci ma, in ya tashi sayen kujera, ya fara leƙa rumfar mai waldan unguwarsu. Masu iya magana dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.